Lissafin Ruwan Sama da Cikar Kogi: Misalin Kogin Isa a Yamai

Gabatarwa

Duk wanda aka ɗora wa aikin gina gada, ko madatsar ruwa, ko shingen kare unguwa daga ambaliya, dole ne ya amsa tambaya guda kafin ya aza tubali: ruwa nawa ne zai iya zuwa nan a rana mafi muni? In ginin ya gaza, ruwa ya tafi da shi. In kuwa ya wuce kima, kuɗin da za a yi ayyuka uku da su sun ƙare a kan ɗaya. Sanin abin da damina mai zuwa za ta kawo sai Allah, amma akwai abin da ɗan Adam ke riƙe da shi a hannu, wato rubutaccen tarihin daminun da suka wuce. Masana ilimin ruwa suna amfani da ƙididdiga su tatso amsa daga wannan tarihi. Wannan takarda ta ɗauki Kogin Isa, wanda a Nijeriya ake kira Kwara, a daidai birnin Yamai, domin nuna yadda ake yin lissafin da kuma inda ya ba masu yin sa kunya.

Akwai kalma ɗaya da za ta riƙa maimaituwa, ita ce samfuri. A kasuwa, samfuri shi ne ɗan abin da ake nuna wa mai saye don ya san kamannin sauran kayan. A nan kuwa ana nufin wani ƙaramin tsari na lissafi mai kwaikwayon halin ruwa, yadda za a iya yi masa tambayar da ba a iya yi wa kogin kansa.

Awo

Ana auna ruwan sama da wani mazubi mai mazurari a baki, wanda ake kafawa a fili, a duba shi kowace safiya. Ma'aunin shi ne milimita. Milimita 1 na nufin lita 1 ta zuba a kan kowace murabba'in mita, wato lita 10,000 a kan eka mai mita 100 tsawo da mita 100 faɗi. Yamai tana samun wajen milimita 550 a shekara, kuma an fara rubuta awon ruwanta tun 1905.

Awon kogi ya fi wuya. Abin da ake gani da ido shi ne tsayin ruwa a jikin wasu sandunan ƙarfe masu lambobi da aka kafa a gaɓa, kuma akwai ma'aikacin da aikinsa ke nan, ya karanta lambar ya rubuta. An fara haka a Kulikoro ta ƙasar Mali a 1907, a Yamai kuma a 1929. Sai dai injiniya ba tsayin ruwa kaɗai yake so ba, yana son yawan ruwan da ke wucewa a kowane sakan, wanda ake ƙirgawa da mita kubik. Mita kubik 1 lita 1,000 ce, duro biyar ke nan. Don a haɗa tsayi da yawa, sai ma'aikata su shiga kwalekwale lokaci zuwa lokaci su auna zurfin kogin da saurin gudunsa daga wannan gaɓa zuwa waccan, a lokacin cika da lokacin janyewa. Daga waɗannan awo ake zana layin da ke cewa tsayi kaza daidai yake da ruwa kaza. Wannan layi shi ne samfuri na farko, kuma yana da rauni biyu. In rairayi ya cike gindin kogin, tsayin jiya ba ya nufin ruwan jiya. Sannan ranar babbar ambaliya, wadda ita aka fi bukatar sani, ita ce ranar da aka fi ƙarancin awo, saboda haka ƙarshen layin na sama yawanci ƙiyasi ne.

Samfurin ruwan sama

Hanya mafi sauƙi ita ce a tara ruwan shekaru da yawa a raba, a sami matsakaici. A Sahel matsakaici yana ruɗin mutum, domin da wuya a ga shekarar da ta yi daidai da shi. Dalili kuwa, mafi yawan ruwan yankin yana zuwa ne daga manyan hadurra masu tasowa daga gabas su nufi yamma, kowane ya zubar da nasa cikin ƴan sa'o'i ya wuce. Gonar da hadari ya bi ta kanta ta sha, maƙwabciyarta ta kwana da ƙishi. Wani shirin bincike mai suna EPSAT-Niger, wanda ya fara a 1990, ya kafa ma'aunai kimanin 100 a kewayen Yamai don gane girman wannan bambanci. A daminar 1992 an sami ratar fiye da milimita 200 tsakanin wurare biyu da nisansu bai kai kilomita 10 ba. Manomi ya daɗe da sanin haka, shi ya sa mai hali yake raba gonakinsa gabas da yamma da gari.

Saboda wannan, masana biyu na Faransa, Luc Le Barbé da Thierry Lebel, suka raba ruwan damina gida biyu: sau nawa aka yi ruwa, kuma nawa ne yake zuba a kowane zuwa. Kowane gida yana da nasa lissafin yiwuwa. Alal misali, garin da aka yi wa ruwa sau 40, kowane zuwa milimita 14 a matsakaici, ya sami 560. In zuwan ya ragu zuwa 30, ya koma 420, alhali kowane ruwa da ƙarfinsa ya zo. Da suka bi tarihin ma'aunan Nijar da wannan samfuri, sakamakon da suka wallafa a 1997 ya nuna cewa farin shekarun 1970 da 1980 irin wannan ne. Yawan zuwan ruwa ne ya ragu, musamman a tsakiyar damina, a Yuli da Agusta, amma nauyin kowane ruwa bai canza sosai ba. Wannan bayani yana da muhimmanci ga abin da zai zo a gaba, domin ruwa mai ƙarfi shi ke cika kwari, kuma fari bai rage masa ƙarfi ba.

Irin wannan lissafi ya shiga har cikin maganar shuka. Wani masani na cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, M. V. K. Sivakumar, ya ba da ƙa'ida a 1988 cewa damina ta kama ne a ranar farko bayan 1 ga Mayu da aka tara milimita 20 cikin kwana 3 a jere, muddin ba a sami tsaikon ruwa na fiye da kwana 7 ba cikin kwana 30 masu biyowa. In aka bi tarihin gari da wannan ƙa'ida shekara bayan shekara, ana iya cewa cikin shekaru 10, sau nawa ne wanda ya shuka gero a ruwan farko zai sake shuka.

Daga sama zuwa kogi

Ba duk ruwan da ya zuba ke isa kogi ba. Wani ƙasa ta shanye, wani rana ta ɗauke, wani ya tsaya a tafki. Kason da ya gudana har ya kai kogi shi ake kira kason gudu, kuma a Sahel sau da yawa bai kai kashi 10 cikin 100 na ruwan shekara ba.

Samfuran da aka fi amfani da su a Afirka ta Yamma, irin su GR2M da GR4J waɗanda aka tsara a Faransa, suna ɗaukar ƙasar da ke shayar da kogi tamkar randuna biyu. Ruwan sama yana zuba a randa ta farko, wadda ke wakiltar ƙasa. Rana tana sha daga cikinta, abin da ya fi ƙarfinta kuma ya tsiyaya cikin ta biyu, ita kuma ta riƙa sakin sa sannu a hankali zuwa kogi. Ba wanda ya san girman randunan, don haka sai a sa kwamfuta ta yi ta gwada lambobi har kogin lissafi ya yi kama da kogin gaskiya a wasu shekaru da aka zaɓa. Daga nan sai a jarraba samfurin da wasu shekarun da bai taɓa gani ba. In ya ci wannan jarrabawa, an yarda da shi.

Ambaliyar shekara ɗari

A kan tambayar injiniya kuwa, hanyar daban ce. Ana ɗauko ruwa mafi yawa da aka auna a kowace shekara, lamba ɗaya tak, a jera su daga babba zuwa ƙarama. In shekarun 49 ne, lambar da ta fi kowace girma ana ba ta yiwuwar 1 cikin 50, ta biyu 2 cikin 50, haka har ƙasa. Sannan a nemi ƙa'idar lissafi da ta dace da jerin, a miƙa ta gaba zuwa ambaliyar da ba a taɓa gani ba. Ƙa'idar da ta fi shahara tana ɗauke da sunan Emil Gumbel, Bajamushen da ya gudu daga mulkin Nazi ya ƙare a Amurka, wanda littafinsa kan wannan fanni ya fito a 1958.

Daga nan aka sami furucin nan, ambaliyar shekara 100, wanda ya ɓatar da mutane da yawa a kowane harshe aka faɗe shi. Mai ji yana ɗauka cewa in ta zo bana, an huta sai jikoki. Ainihin ma'anarsa ita ce, a kowace shekara yiwuwar zuwanta 1 ne cikin 100, ko ta zo bara ko ba ta zo ba. Wanda ya zauna shekara 30 a wurin da irin wannan ambaliya ke kaiwa, yiwuwar ta same shi aƙalla sau ɗaya kashi 26 ne cikin 100. Ita kuwa ta shekara 10, yiwuwar ganin ta cikin shekara 10 kashi 65 ne cikin 100. Mai fassara labari zuwa Hausa zai fi kyautata wa masu sauraro in ya ce ambaliyar da yiwuwarta ɗaya ce cikin ɗari a kowace damina, ko da maganar ta fi tsawo.

Ƙananan kwaruruka da yawa ba su da ma'auni ko ɗaya. Saboda su ne masana biyu na cibiyar ORSTOM ta Faransa, Jean Rodier da Claude Auvray, suka fitar da wata hanya a 1965 ta ƙiyasta ambaliyar shekara 10 daga faɗin kwari da gangarensa da irin ƙasarsa. An yi shekaru ana gina gadoji da ƙananan madatsu a yankin bisa wannan hanya. Awon da aka gina ta a kai na shekarun 1950 ne da farkon 1960.

Duk waɗannan hanyoyi sun jingina ne a kan sharaɗi guda, wanda ba kasafai ake faɗar sa ba: cewa gobe za ta yi kama da jiya, wato shekarun da aka auna da shekarun da ke tafe duk daga tukunya ɗaya ake ɗibar su.

Inda sharaɗin ya karye

Shekarun 1950 da 1960 shekarun ni'ima ne a Sahel. Daga ƙarshen shekarun 1960 ruwa ya ja baya, aka yi farin 1973 da na 1984, kuma na tsawon shekara 20 da ɗoriya ruwan yankin ya ragu da kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Akwai gwajin ƙididdiga da ake yi wa jerin lambobi don gano ko ya karye a tsakiya, kamar wanda A. N. Pettitt ya tsara a 1979. Da aka yi wa ma'aunan Afirka ta Yamma irin wannan gwaji, mafi yawansu sun nuna karaya a wajajen 1968 zuwa 1970. Tukunyar ta zama biyu ke nan. Kogunan kudu, masu dogaro da ruwan ƙarƙashin ƙasa a lokacin rani, sun sha wuya fiye da yadda ruwan sama ya ragu. Kogin Bani na Mali ya rasa fiye da rabin ruwansa. A watan Yuni na 1985 Kogin Isa ya daina gudu a Yamai.

Har nan lissafi bai ruɗe ba: ruwan sama ya ragu, kogi ya ragu. Abin da ya ɗaure wa masana kai ya fito ne daga arewa. A 1987 Jean Albergel ya lura cewa wasu ƙananan kwaruruka na Sahel a Burkina Faso suna fitar da ruwa fiye da da, a tsakiyar fari. Daga baya aka ga haka a kogin Nakambe, aka kuma gan shi a rassa uku da ke zuba cikin Kogin Isa ta gefen dama kafin Yamai, wato Goruwal da Dargol da Sirba. Kason gudunsu ya ninka, a wasu wuraren har sau uku, in aka gwada shekarun 2000 da shekarun 1950 da 1960. Masana suka sa wa abin suna mai nufin baƙin al'amarin Sahel: ruwan sama kaɗan, ruwan kogi da yawa.

Amsar tana ƙasa. Fari ya kashe itatuwa da ciyawa. Jama'a ta ƙaru, aka sare daji don noma da itacen girki, aka rage shekarun da ake barin saura ta huta. Ƙasar da ba ta da sutura, in ɗigon ruwa mai ƙarfi ya dake ta, sai ta yi ɓawo a sama, ta zama faƙo. Ruwan da a da yake nitsewa a gindin sabara da geza sai ya bi gangare, ya haƙa kwari, kwarin ya faɗaɗa. Wasu tafkunan da ruwa ke tsayawa cikinsu suka ɓalle suka haɗe da kogi, suna kai masa ruwa da rairayi. Gabas da Yamai, inda kwaruruka ke ƙarewa a tafkuna, ruwan da ya taru ya riƙa nitsewa ta gindinsu, har ruwan rijiyoyi ya hau da kimanin mita 4 tsakanin 1963 da 2007. Masana ba su daidaita ba kan rabon laifi tsakanin hannun mutum da fari kansa, domin a Gurma ta ƙasar Mali, ƙasar kiwo da noma bai yi yawa ba, tafkin Agufu ma ya bunƙasa, ya daina ƙafewa da rani. Ko ma wane ne ya fi laifi, randar farko ta samfurin ta ƙanƙance. Samfurin da aka daidaita da shekarun 1960, in aka ba shi ruwan saman shekarun 1990, kogin da zai fitar bai kai na gaskiya ba.

Cika biyu a Yamai

Mazaunin Yamai yana ganin kogi ya cika sau biyu. Cika ta farko a Agusta da Satumba take zuwa, ruwanta ja ne saboda jar ƙasar da ya kwaso daga rassan nan uku da kwarurukan kusa. Ta biyu ruwan da ya zuba ne a tsaunukan Gini. Yana ratsa Mali, ya bazu a fadamun Mopti inda rana ke shan kaso mai yawa daga cikinsa, sannan ya iso Yamai a tsakiyar sanyi, wajen Disamba zuwa Fabrairu, ya tace. A da, ta biyun ce babba, ta farko kuwa ɗan tudu ce kawai a kan hanyar hawan kogi. Daga shekarun 1980 jar cika ta fara zarce ta Gini a wasu shekaru, kuma manyan ambaliyoyin birnin na 2010 da 2012 da 2020 duk nata ne.

A watan Agusta na 2012 ruwa ya kai santimita 618 a ma'aunin Yamai, kusan mita kubik 2,500 a sakan, abin da ba a taɓa rubutawa ba tun 1929. Shekara 7 kacal bayan haka, a 2019, aka wuce wannan tsayi. A Satumba na 2020 ruwa ya kai santimita 700, wato santimita 80 sama da matakin jan gargaɗi na 620, ya fasa shinge, ya mamaye unguwannin gefen dama irin su Lamorde da Kirkisoye. Jerin lambobin da ake karya bajintarsa sau uku cikin shekara 9, bayan ya haura shekara 80 ana rubuta shi, da wuya a ce daga tukunya ɗaya ake ɗibar sa.

Ga canjin ƙasa kuma sai canjin sama ya ƙaru. Ruwan Sahel ya ɗan farfaɗo tun shekarun 1990, amma da wani hali: kwanakin ruwa ba su koma yadda suke a shekarun 1950 ba, ruwa mai tsanani ne ya yawaita. Binciken da Christopher Taylor da abokan aikinsa suka wallafa a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan Adam na shekara 35, ya nuna cewa hadurra mafiya tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun 1982, suka kuma danganta hakan da ƙaruwar zafin Sahara. Ruwa mai tsanani a kan faƙo, sakamakonsa ba ya bukatar dogon lissafi.

Gyaran da ake yi

Masu ƙididdiga sun koma ga samfuran da ke barin tukunyar ta riƙa canzawa. A maimakon lamba ɗaya tsayayya, ana barin matsakaicin ambaliya da faɗin bambancinta su hau ko su sauka tare da shekaru. Catherine Wilcox da abokan aikinta sun yi wa kogunan Senegal da Isa irin wannan lissafi a 2018, suka tabbatar da cewa ambaliyar rassan Sahel tana hawa tun shekarun 1970. Ma'ana, cikar da tsohon lissafi ya kira ta shekara 10 ta koma zuwa a kai a kai.

Wannan gyara bai warware komai da komai ba. Layin da ya nuna hawa daga 1970 zuwa yau bai faɗi ranar da hawan zai tsaya ba, kuma gada ana gina ta ne don shekara 50 masu zuwa. In aka farfaɗo da ƙasa da ramukan tassa da rabin wata, kamar yadda aka yi a wasu sassan jihar Tawa, kason gudu yana iya sauka. In birane suka ƙara shimfiɗa siminti da kwano, ya hau. Bugu da ƙari, kowane sabon sassauci da aka ba samfuri yana bukatar ƙarin awo kafin a amince da shi, awon kuwa shi ne ya yi ƙaranci, domin tashoshi da yawa sun lalace ko sun yi giɓi tun shekarun 1980. Ana cike giɓin da ƙiyasin tauraron ɗan Adam, an kuma gwada a Wagadugu a 2012 cewa raunin da ruwan sama ke yi wa saƙon da ke tsakanin turakun wayar salula yana iya zama ma'auni. Amma duk waɗannan sai an daidaita su da mazubin da ke ƙasa. Cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a Yamai a 1974, da Hukumar Kogin Isa ta ƙasashe 9, su ne ke tattara awon yankin suna fitar da hasashe da gargaɗi.

Rarrabe cika biyun yana da amfani ko a wajen auna abin da manyan ayyuka za su iya. Madatsar Kandaji, wadda aka aza harsashinta a 2008 kimanin kilomita 180 sama da Yamai, an tsara ta ne don ta riƙe ruwa ta sake shi da rani, ta shayar da gonaki, ta ba da lantarki, yadda abin da ya faru a 1985 ba zai maimaitu ba. Sai dai Dargol da Sirba suna shiga kogin ne a ƙasa da ita, tsakaninta da birnin. Ruwan da ya zuba a faƙon gabashin Burkina Faso a watan Agusta ba zai bi ta ƙofar madatsar ba, kuma ɗaya daga cikin lambobin da za su ba da labarinsa ita ce wadda ake karantawa a ma'aunin Garbe Kuru, kusa da bakin Sirba.